Tsohon gidan mai a jikin katangata: zan iya haƙa burtsatse?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Injiniya, na sayi fili a wata unguwa a Kano, katanga ɗaya ce tsakanina da wani tsohon gidan mai da aka rufe kusan shekara takwas ke nan. Dillali ya tabbatar mini an tono tankunan an sayar wa 'yan gwangwan, an cike ramin. Ina shirin fara gini da haƙa burtsatse. Amma wani maƙwabci da ke bayan filin ya ce rijiyarsa takan yi warin fetur idan damina ta yi nisa, da rani kuma warin ya ɗauke. Shin man da ya zube tun tuni zai iya kasancewa a ƙasa har yanzu? Idan na zurfafa burtsatsen na wuce shi, na tsira?"

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya sanya albarka a filin, ya sa ka ci moriyarsa. Abu biyu kake tambaya: ko fitar tanki tana nufin fitar mai, da kuma ko zurfi kaɗai ya isa ya kare maka ruwan sha. Amsar ta farko ita ce a'a. Ta biyu kuma, zurfi yakan taimaka wani lokaci, wani lokaci kuma shi ne yake buɗe wa man hanyar da da ba shi da ita. Don haka shawarata tun daga farko, kada ka kira masu injin haƙa tukuna. Akwai awon da ya kamata ya riga haƙa, kuma wani ɓangarensa kai da maƙwabtanka za ku iya yi da igiyar awo a safiya ɗaya.

Inda man yake maƙalewa

Tankin ƙarfe da aka binne shekara ashirin ko talatin, ƙasa mai danshi na lasar sa damina da rani, tsatsa takan huda shi. Amma a wuraren da na tona, ba tankin ne ya fi yawan laifi ba. Mahaɗar bututun da ke kai mai daga tanki zuwa famfo, da ƙarƙashin famfon kansa, da bakin da tankar mai take juyewa, nan aka fi samun yoyo. Kowane direba ya ɗan zubar da kaɗan lokacin cire tiyo, shekara da shekaru. Ka ɗauki ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa: ya kai kamar lita 4 a yini, sama da lita 1,500 a shekara. Mai gidan man da yake sayar da dubban litoci a rana ba zai taɓa ganin wannan giɓin a littafinsa ba, zai ce zafin rana ne ya sha. Kuma 'yan gwangwan tanki suke so, shi ne mai nauyi. Bututun da ke kwance ƙarƙashin daɓen siminti ba kasafai ake bi ta kansa ba. Na taɓa sa a tsaga daɓen wani gidan mai da ya shekara da yawa a rufe, lebura ya ɗaga wani guntun bututu da diga, sai ga fetur yana zuba daga cikinsa, ya yi duhu kamar ruwan shayi, warinsa ya kore mu daga ramin.

Idan mai ya fita, yakan bi ƙasa ya gangara. Ramin tankin kansa, da yake da yashi ake cike shi, ya fi ƙasar da ke kewaye da shi saki, sai ya zama kamar kwarya: ruwan sama ya taru a ciki, mai ya taru a ciki, daga nan su riƙa tsatsafowa ƙasa a hankali. A kan hanya ƙasa takan riƙe wani kaso, kamar yadda tsumma yake riƙe man gyaɗa komai matsar da ka yi masa. Abin da ya rage ya ci gaba har ya isa inda mahaƙa rijiya suke cewa sun tarar da ruwa, wato fuskar ruwan ƙasa. Fetur bai kai ruwa nauyi ba, lita ɗaya ba ta wuce kashi uku cikin huɗu na kilo ba sosai, man gas ya ɗan fi shi nauyi amma shi ma ruwa ya fi shi. Saboda haka ba ya nutsewa. Sai ya bazu a wannan matakin, ya cusa kansa cikin ƙofofin ƙasa tare da ruwa.

Daga nan man ya kasu huɗu. Akwai wanda ya manne a ƙasa, akwai wanda yake kwance a fuskar ruwa yana iya malala, akwai wanda ya zama tururi yana bin ƙofofin ƙasa zuwa sama, sannan akwai wanda ya narke a ruwa yana tafiya da shi. Na ƙarshen nan shi ne mafi ƙanƙanta, kuma shi ne yake shiga tulu.

A cikin fetur akwai wani sinadari da ake kira benzin, tare da 'yan'uwansa irin su toluwin da zailin. Benzin ya fi su narkewa a ruwa, kuma an tabbatar yana haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha maikirogiram 10 a lita ɗaya (maikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram), Amurka ta sa 5. Don ka ga ƙanƙantar wannan adadi: a ce kashi ɗaya cikin ɗari na fetur benzin ne, to lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da giram 9 ko kusa da haka, wanda ya isa ya kai ruwa lita 880,000 bakin wannan iyakar. Hanci kuwa ba ya kama benzin sai ya ninka iyakar sau da yawa. Abin da maƙwabcinka yake shaƙa galibi sauran sinadaran ne masu kaifin wari. Ke nan ɗaukewar wari da rani ba shaida ba ce cewa ruwan ya tsarkaka.

Ƙasar Kano da tafiyar ruwa

Mutanenmu da yawa suna ɗauka akwai kogi a ƙarƙashin ƙasa, wanda mai sa'a yake faɗawa kansa. A Kano ba haka abin yake ba. Birnin yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, dangin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini. Idan ka tsaya bakin sabuwar rijiya ka dubi tulin ƙasar da ake fitarwa bi da bi, za ka karanta labarin da idonka. Da farko ƙasar sama mai yashi. Sai jar marmara, irin wadda ta lulluɓe kan Dala da Goron Dutse. Sai yumɓu mai rodi-rodi, ja da fari, mai danƙo a hannu. Ƙasa da shi sai ruɓaɓɓen dutse, wanda idan ka murza shi yake wargajewa ya zama tsakuwa-tsakuwa mai ƙyalli. A nan ne yawancin ruwan yake. Ƙarƙashinsa sai dutsen da bai ruɓe ba, wanda babu ruwa a jikinsa sai a cikin tsagoginsa. Kaurin ruɓaɓɓen dutsen nan ba ɗaya ba ne: wani wuri bai kai mita goma ba, ka matsa kaɗan ya haura talatin. Wanda yake Maiduguri ko Haɗeja ko Sakkwato lissafinsa daban ne, domin can shimfiɗun yashi da laka ne a jere, wani kan wani, kuma laka mai kauri takan raba ruwan sama da na ƙasa. Kai ba lallai ka samu wannan rufin ba.

Ruwa yana tafiya cikin ƙofofin wannan ƙasar daga inda fuskarsa ta fi tudu zuwa inda ta fi kwari. Wani injiniyan Faransa mai suna Henry Darcy ne ya fitar da ƙa'idar a 1856, lokacin da yake aikin ruwan garin Dijon, kuma har yau da ita muke aiki. Saurin ruwa ya dogara ga sakin ƙasa, da gangaren fuskar ruwan, da yawan ƙofofin da yake bi. A ce fuskar ruwa tana sauka mita ɗaya a kowace mita ɗari. A ruɓaɓɓen dutse mai matsakaicin saki, ruwan zai yi kamar mita 18 a shekara. A yumɓu, ko taƙi ɗaya ba zai yi ba. A garjejen yashi irin na tsohon kwarin rafi, zai iya kusantar mita 300. Fili ɗaya kuma yana iya haɗa duka ukun. Shi ya sa za ka ga gida biyu a jere, rijiyar wannan tana wari, ta wancan garau.

Yawanci ruwan ƙasa yana bin gangaren unguwa, ya nufi rafi ko fadama, kamar yadda wani ɓangaren birnin yake gangarawa Jakara, wani kuma Challawa. Amma a cikin gari kada ka dogara da ido. Kududdufi yakan shayar da ƙasar da ke kewaye da shi, fuskar ruwa ta yi tozo a wurin. Sokawe da fasasshen bututun ruwa ma haka. Tsohon ramin da aka shimfiɗa bututu ko waya aka cike da yashi yakan ja mai ya kai shi wata kusurwa da babu wanda ya zata. Babban mai juya ruwa kuwa shi ne burtsatsen da ake ja ba hutu.

Na ga wannan da idona. Wani tsohon gidan mai ne a bakin titi, ƙasa ta gangara gabas, duk muka sa ran can man ya nufa. Da muka auna rijiyoyi sai lissafi ya nuna arewa. Na ɗauka kuskuren awo ne, na sa aka sake. Ashe a arewan akwai mai burtsatse da yake sayar wa 'yan ga-ruwa, injinsa na aiki tun asuba har bayan isha'i. Jan da yake yi ya sa fuskar ruwa ta lotsa a kewayensa kamar mazurari, komai na unguwar yana gangarawa can. Mutumin kirki ne, bai san komai ba, kuma ranar da na kai masa sakamakon awo ya daɗe bai ce uffan ba. Abin da ya fi damuna shi ne kurar ruwan da take fita daga wurin tana shiga gidajen da ba su ma san akwai tsohon gidan mai a yankin ba.

Warin damina

Abin da maƙwabcinka ya faɗa ya yi daidai da abin da muka sani, kuma ni na ɗauke shi da muhimmanci fiye da maganar dillali. Ruwan saman Kano kusan duka tsakanin Mayu da Satumba yake sauka, Agusta ce ƙoli. Fuskar ruwan ƙasa takan hau bayan damina ta kankama, ta riƙa sauka har ƙarshen bazara. A rijiyoyin da na bibiya, bambancin yakan kai mita ɗaya, biyu, wani wuri fiye. Duk hawa da saukar nan, man da ke kwance a kai yana bin ta, yana shafe ƙasa. Bayan 'yan shekaru sai a samu wata damara ta ƙasa mai jiƙe da mai, kaurinta daidai da tazarar hawa da saukar. Da rani ruwa yakan sauka ya bar babban ɓangaren damarar a sama, a bushe. Da damina ya hau ya sake jiƙa ta, ga kuma ruwan sama da yake ratsowa ta ramin tanki yana wanko abin da ya manne. Sai narkakken mai ya ƙaru, rijiya ta yi wari.

Akwai wuraren da abin yake zuwa a juye, a ga mai yana yawo a kan ruwan rijiya a ƙarshen rani, saboda saukar ruwa ta saki man da ya danne. Duka biyun alama ɗaya suke bayarwa: tushen yana nan a ƙasa. Wannan damarar ce takan shekara ashirin, talatin tana shayar da ruwa guba kaɗan-kaɗan. Shekara takwas ba komai ba ce a wurinta.

Sai dai a yi adalci, ba kowane wari ne daga gidan mai ba. A duba ko akwai janareta kusa da bakin rijiyar, ko bakanike mai zubar da baƙin mai, ko mai ajiye jarkokin bumburutu. Haka kuma ba kowane ƙyalli a kan ruwa ne mai ba. Ruwa mai sinadarin ƙarfe yakan yi wani ƙyalli mai launin bakan gizo. Ka sa tsinke ka taɓa shi. Idan ya farfashe ya rabu kamar fasasshen gilashi bai koma ba, na ƙarfe ne. Idan ya yi murɗe-murɗe ya sake haɗewa, mai ne.

Iya nisan da yake kaiwa

A nan akwai labari mai ɗan sanyaya zuciya. A cikin ƙasa akwai ƙwayoyin halitta da suke cin fetur. Suna fara amfani da iskar oksijin da ke narke a ruwa, idan ta ƙare su koma kan naitiret, sannan sinadarin ƙarfen da ya ba marmara jan launinta, sannan salfet. Shi ya sa ƙasar da mai ya daɗe a ciki take rikiɗa daga ja ta koma toka-toka ko kore-kore, kuma shi ya sa ruwan da aka ɗebo daga irin wurin yakan fito garau, ya kwana a bokiti ya wayi gari ja. Idan na ga wannan launin toka a bangon rami, tun kafin sakamakon awo ya dawo na san inda mai ya bi.

Saboda wannan cin, jelar gurɓataccen ruwa, wato layin narkakken man da ruwan ƙasa yake ja daga tushen, ba ta tafiya har abada. Takan miƙe, ta tsaya, daga baya ta fara janyewa idan tushen ya ƙare. Amurka ta fi kowa tara bayanai a kan wannan, don tun 1984 ta yi dokar tankunan ƙarƙashin ƙasa, kuma an tabbatar da yoyo a wurare sama da 500,000. Binciken da aka yi a Kalifoniya a 1995 da Tekzas a 1997, a kan ɗaruruwan gidajen mai, ya nuna yawancin jelar benzin ba ta kai mita ɗari ba. Amma ka lura da abu biyu. Na farko, kai ba mita ɗari kake ba, katanga ɗaya ce. Na biyu, wannan lissafin ya fi aiki a ƙasa mai ƙofofi, inda ruwa yake tafiya a hankali ƙwayoyin su samu lokacin ci. A cikin tsagar dutse ruwa yakan yi sauri, ya bi layi guda siriri, kuma idan ana jan sa da inji ya fi haka. Sannan gidan man da ya yi aiki kafin 2006, lokacin da ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka gama daina fetur mai dalma, yana iya barin wasu sinadarai da ake haɗawa da dalmar, waɗanda suka fi benzin jinkirin ruɓewa.

Kada kuma a ce wannan matsalar Turawa ce. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 kan ƙasar Ogoni ya samu tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana kwance a kan ruwan ƙasa a Nisisioken Ogale, kuma benzin a rijiyoyin da mutane suke sha ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Can bututu ne ya yi ɓarnar, amma halin man a ƙasa ɗaya ne.

Maganar zurfafa burtsatse

Hujjar masu cewa a zurfafa ita ce, tunda mai a sama yake, ruwan ƙasa-ƙasa lafiya lau ne. Da akwai laka mai kauri a tsakani, da maganar ta yi ƙarfi. Amma a dutsen Kano, ruwan da ke cikin tsagogi daga ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa yake samun ciko. Ka ja na ƙasa, na sama ya biyo.

Ga kuma yadda ake yin aikin a zahiri. Injin haƙa zai ratsa damarar man ya wuce. A zura bututun roba, a zuba tsakuwa a kewayensa, sau da yawa tun daga ƙasa har kusan baki, a ɗan shafa siminti a sama don ido. Wannan tsakuwar ta zama lambatu a tsaye: gurɓataccen ruwan sama ya bi ta ya sauka kai tsaye inda famfo yake sha. Wasu masu haƙar ma da gangan suke sa bututu mai tsaga-tsaga a ruɓaɓɓen dutse don ruwa ya yi yawa, mai gida ya ji daɗi. Watannin farko ruwa garau, sai a shekara ta biyu a fara jin ɗanɗano. A lokacin ba kai kaɗai ka cutu ba, ka saukar da man zuwa matakin da sauran burtsatsen unguwa suke sha.

Idan har awo ya nuna za a iya haƙawa, to a nesanta shi daga ramin tanki iyakar yadda fili ya bari, a ɓangaren da ruwa yake fitowa, ba inda yake nufa ba. A sa bututu marar tsaga har cikin dutse mai tauri, a ɗura siminti a bayansa daga ƙasa zuwa sama ya toshe duk tsawon, a bar shi ya kama kafin a ci gaba. A sa ƙaramin famfo, kada a sayar da ruwan. Ko da an yi duk wannan, ni ba zan sa hannu in ce ruwan zai dawwama da tsabta ba, sai dai a riƙa aunawa duk damina da rani. Kuma awon da masu neman ruwa suke yi da wayoyi da turakun ƙarfe kafin haƙa, wurin ruwa yake nunawa, ba ya ganin benzin.

Abin da zan yi da filin nawa ne

Zan fara da tambaya. Tsofaffin ma'aikatan gidan man, mai gadi, mai shayin da ya daɗe a bakin titin, mai unguwa: tanki nawa ne, ina suke, fetur ne ko gas ko kananzir, an taɓa samun ruwa a cikin mai, me ya sa aka rufe, da aka tono tankunan an ga huji, ina aka kai ƙasar da aka fitar. Sau da yawa ita aka mayar cikin ramin.

Sai awon rijiyoyi. Ka nemi rijiyoyi uku ko fiye da suka kewaye wurin, ba a layi ɗaya ba, kamar duwatsun murhu. Safiyo ya auna maka tsayin bakin kowacce daga ma'auni guda, domin zurfin ruwa daga baki kaɗai ba ya faɗin komai idan wata rijiyar tana kan tudu. Da asuba, kafin kowa ya jefa guga, a auna daga baki zuwa ruwa. A ce bakin ta farko yana kan mita 100.00 a ma'aunin safiyo, ruwa a mita 7.60, fuskar ruwa ke nan 92.40. Ta biyu ta ba da 92.10, ta uku 91.80. Ruwa yana barin wajen ta farko yana nufar wajen ta uku, kuma da takarda da rula za a fitar da ainihin kusurwar. A yi a Afrilu, a sake a Satumba, don alƙiblar takan ɗan karkata. Idan filinka yana inda ruwa yake fitowa, ka samu sauƙi. Idan yana tsakanin ramin tanki da rijiyar maƙwabcin nan, to jelar ta ƙarƙashinka ta bi ta isa gare shi.

Daga nan sai ƙwararru. A huda ƙasa wuri uku ko huɗu a jikin katangar, har a wuce fuskar ruwa, ana duba ƙasar mita-mita da na'urar shaƙar tururi, a bar siraran bututu a ciki don ɗibar ruwa nan gaba. Wajen gwajin ruwa a kula sosai. Gwajin da aka saba yi wa burtsatse, na gishiri da tsami da ƙwayoyin cuta, ba ya neman benzin, kuma na sha ganin an kawo mini irin wannan takardar ana murna. Ka ambaci benzin da 'yan'uwansa da jimillar man fetur da sunansu, ka tambayi ɗakin gwajin mafi ƙanƙantar adadin da na'urarsu take iya gani. Idan ya haura maikirogiram 10, sakamakon "ba a samu ba" bai amfane ka ba. Ana ɗibar ruwan ne a 'yar kwalbar gilashi mai mililita 40, a cika ta har ruwa ya yi tozo, a rufe, a kifa ta a ƙyasta da yatsa. Idan ƙwayar iska ta taso, a sake, don benzin zai gudu cikinta. A sa a ƙanƙara, a kai cikin mako guda. Ruwan da aka zuba a robar lemo aka ajiye a bayan mota cikin zafin Kano, ko da guba a cikinsa zai iya fitowa da sakamako mai kyau.

Ginin kansa bai haramta ba, amma ka san tururi yakan shigo ɗaki ta tsagar daɓe. Jagoran da hukumar muhalli ta Amurka ta fitar a 2015 ya nuna ƙasa mai tsabta takan cinye tururin idan akwai tazarar kusan mita 2 tsakanin daɓe da narkakken mai, ko kusan mita 5 idan man kansa ne kwance. Don haka kada ka yi ɗakin ƙasa, ka shimfiɗa leda mai kauri ƙarƙashin daɓe, ka nesanta tankin ruwa na ƙasa da sokawe daga wannan katangar. Bututun ruwa na roba kuma kada ya bi ta ƙasar da ta jiƙe da fetur, domin sinadaran suna ratsa roba su shiga ruwan.

Gyaran wurin ba nauyinka ba ne, na wanda ya zubar ne. Hukumar NOSDRA, wadda aka kafa a 2006, ita ke da alhakin bibiyar malalar mai, NMDPRA kuma, wadda ta gaji aikin tsohuwar hukumar kula da harkar man fetur, DPR, a wannan fannin bayan dokar man fetur ta 2021, ita ke kula da gidajen mai. Ƙa'idojin muhalli na masana'antar man fetur a Najeriya, da ake kira EGASPIN, sun sa matakin da ya wajabta gyara a miligiram 5,000 na mai a kilo ɗaya na ƙasa, da maikirogiram 600 a litar ruwan ƙasa. Wannan matakin gyara ne, ba na sha ba. Ku rubuta takarda ku da maƙwabta ta hannun mai unguwa, ku haɗa da sakamakon awo, ku kai musu da ma'aikatar muhalli ta jiha. Ƙorafin mutum goma mai ɗauke da lambobi ya fi na mutum ɗaya mai cewa yana jin wari. A ƙaramin wuri irin wannan, abin da ya fi aiki shi ne a tone ƙasar ramin da ta ƙarƙashin famfuna a ƙarshen rani, lokacin da damarar take a buɗe, a baje ta a wuri mai shimfiɗa ana juyawa ana haɗa ta da taki har ƙwayoyin su cinye, a kwashe man da ya taru a ramin, sannan a bibiyi ruwan na wasu shekaru.

Ban taka filinka ba, ban ga ƙasarsa ba, saboda haka ba zan iya ce maka jelar ta bi ta ƙarƙashinsa ko ta kauce ba. Yana yiwuwa yumɓu ya tare maka ita. Awon ne zai faɗa.

Amma maƙwabcinka ba sai ya jira awo ba. Don Allah ka je yau ka gaya masa su daina sha da girki da ruwan rijiyar, damina da rani. Tafasawa ba ta magance shi, tururin ne zai tashi su shaƙa a madafa, kuma alif ko tacewa da ƙyalle ba sa taɓa shi. Kada ya sa kowa ya shiga yashe ta. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a gindin rijiya yake taruwa, yana iya sumar da mutum kafin a jawo shi, kuma kaɗan daga cikinsa a iska ya isa ya kama da wuta idan aka zura fitila ko aka kunna injin jan ruwa a baki. Ya rufe ta da murfi mai 'yar kafar shan iska, amma kada ya cike ta, domin ita ce rijiya ta farko da za ku fara aunawa.